Muryar Kawu da Wa'adin Kwana Goma

Laraba

'Yata Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya zaman dajin nan naku? Direban motar kayanku ya ce har yanzu babu sabis a sansaninku, sai wanda ya hau dutse ya yi sa'a. Shi ya sa na koma ga takarda da biro, zan ba shi gobe kafin ya tashi.

Mu nan jiki da sauƙi. Likita ya duba wuyana watan jiya ya ce ciwon bai dawo ba, alhamdu lillahi. Innarki ce dai idon sai haƙuri, yanzu ni ma da takun ƙafa take gane ni. In kin samu mahaifiyarki ki ce ɗan baffanta yana gaishe ta, ko da yake tun da kika gama karatu kika bar gidan nan ita ma ta manta hanyarsa.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Kwamfuta ta yi shiru, wato ni na yi shiru.

Kada ki fara faɗa, na san kin ce kada a haɗa ta da intanet. Ban manta ranar da kika zaunar da ni gaban makirufo ba, saura kwana biyu a yi mini aikin da ya tafi da muryata, kika ɗauki maganganuna sittin da huɗu, kika ɗaura kowacce a maɓallinta. Shekara uku ina bin dokarki. Sai ga sabon maƙwabci a bene, mutumin kirki, ya ba ni lambar intanet ɗinsa don in riƙa karanta labarai a babban allo. Tun daga nan wani saƙo yake fitowa kullum, wai akwai sabuntawa, a yi yanzu ko an jima. Mako uku ina danna an jima. Amma ke ma kin san halina. Shekara arba'in ina gyaran agogo, ban taɓa ganin inji ya buɗe baki ya ce a duba shi na juya masa baya ba. Ranar Asabar da safe na danna yanzu.

Ta yi ta juya ɗige-ɗige har azahar, ta mutu ta tashi sau uku. Da ta gama sai na ga kamar an shiga ɗakina an sake wa kaya wuri. Komai ya yi kyau, ya yi ƙyalli, amma ɗan hoton bakin nan da kika zana, wanda nake buɗewa in yi magana, babu shi. Takardun da kika liƙa a kan maɓallai suna nan. In na danna "Shigo" sai hasken allo ya ragu. In na danna "Kin sha magani?" sai wani shafin taimako ya buɗe, wanda bai taimaki kowa ba. Na kashe na kunna, na zare waya na mayar, na buɗe cikinta na hure ƙura. Lasifika lafiyarta ƙalau, don tana ƙara in na yi kuskure. Muryata ce kawai babu.

Da ni kaɗai ne da na haƙura, allona da alli sun ishe ni da mutanen waje. Amma Innarki ba ta ganin rubutu. Yanzu da cokali muke magana, in buga tebur sau ɗaya e, sau biyu a'a. Shekaranjiya ta miƙa hannu tana laluben kofi, ta nufi butar shayi da na sauke yanzu. Na danna "Tsaya!" da ƙarfi, babu abin da ya fito. Kafin in zagayo teburin ta taɓa. Ƙunar ba ta da yawa, yatsa biyu ne, amma ni ban iya cin abinci ba ranar.

Ki rubuto mini abin da zan yi, ki jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar kina koya wa jaki. Wuri ɗaya dai hankalina a kwance yake, na san kina da kwafin muryar a jan filashin nan da kika tafi da shi.

Kawunki

Juma'a

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Ni lafiya lau, sai aikin famfunan ruwa da ba ya ƙarewa. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan bayan mota nake yi, direba na sauke kaya, gobe da sassafe zai juya.

Ba zan yi faɗa ba, ko da yake raina ya so. Ga abin da ya faru. 'Yar manhajar da na haɗa maka tsohuwa ce, sabuwar babbar manhajar ba ta san ta ba, shi ya sa ta kwashe ta ta jefa a wata folda tare da duk tsofaffin kayan kwamfutar. Muryarka tana cikin wannan foldar, domin a cikin manhajar na ajiye ta. Kwamfutar tana riƙe foldar kwana goma ne kacal, don wanda bai ji daɗin sabon ba ya koma tsohon. In kwana goma suka cika, da kanta take share ta. Ka yi sabuntawar ranar Asabar, wannan takarda za ta same ka Lahadi, wato kwana takwas. Kawu, wa'adin Talata ne. Na ja layi uku a ƙarƙashi don ka gani.

Na ɗaya, ka cire ta daga intanet ɗin maƙwabci. Na biyu, ka shiga wurin saituna, inda hoton ɗan gargaren inji yake. Na uku, ka nemi sashen farfaɗowa, a ciki za ka ga inda aka ce a koma tsarin da ya gabata. Na huɗu, ka danna shi. Za ta yi maka tambayoyi, ka bi su har ƙarshe. Kada wuta ta ɗauke tana cikin yi, don haka ka jona ta a batirin shago. Kada kuma ka yarda in ta ce za ta share tsofaffin fayiloli ta ƙara maka wuri, duk yadda hannunka na mai tsabtace agogo ya yi ƙaiƙayi.

In abin ya rikice maka, ka kira mai gyaran kwamfutan nan na bakin titi, wanda kuke ce wa Yanzu-yanzu. Ka nuna masa wannan takarda, amma ka tsaya a kansa, kada ya ce zai wanke ta ya zuba sabuwa, don shi maganinsa kenan ga kowane ciwo.

Maganar filashi mu bar ta tukuna, wannan hanyar ta fi sauri.

Kafin nan ka riƙa ajiye buta a ƙasa bayan ƙofa, ba a tebur ba. Ka ce wa Inna, au, ka buga mata cokali sau ɗaya a madadina.

'Yarka

Laraba

Injiniya,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta zo Lahadi da yamma, da tabon man inji a gefe, na ce lallai 'yata ce ta rubuta. Muna lafiya. Yatsun Innarki sun fara warkewa, buta kuma ta koma bayan ƙofa kamar yadda aka umarce mu.

Na ga layinki uku. Ke tun kina ɗaliba haka kike, in kika ce a sayo gishiri sai mutum ya ɗauka gobara ce. Duk da haka ranar Litinin na zauna na bi jerinki. Na ɗaya, na biyu, na uku, duk na same su inda kika ce. A na huɗu ta tambaye ni dalilin komawa, na zaɓa mata ɗaya. Sai ta fito da gargaɗi, wai in tabbatar na san tsohuwar kalmar sirrina, in ba haka ba za ta kulle ni a waje. Nan na tsaya. Ni ban san wata kalmar sirri ba, ke kika saita komai, kunnawa kawai nake ta buɗe. Ba ki kuma rubuto ta ba. Na kira Yanzu-yanzu, ya karanta ya sosa ƙeya.

"Baba, in akwai kalmar kuma ba mu san ta ba, wallahi mun shiga uku," in ji shi. "Ba kwafi ne a wani wuri?"

Na rubuta masa a allo cewa akwai, yana wurinki.

"To ai shi kenan. Me zai sa mu yi kasada? A jira kwafin, in zuba maka a sabuwar."

Na ga maganarsa da hankali. A sana'armu ba ka danna abin da ya ƙi shiga, garin neman gira a rasa ido. Saboda haka na fita na bar ta yadda take. Yau da safe na leƙa na ga wurin komawar ya dushe, ba ya dannuwa. Ita kuwa kwamfutar har ta fi sauri, ta kuma nuna ta samu wuri mai yawa. Na mayar da intanet ina karanta labarai, tun da zaman shirun ya yi yawa.

Kin ce mu bar maganar filashi tukuna. To, tukunar ta zo. Ki sa shi a ambulan ki ba direba, ki naɗe shi da kyau.

Ki hanzarta, 'yata, don gidan nan ba daɗi. Maƙwabci ya gwada mana wata murya ta cikin kwamfutar, wadda mutum zai rubuta ta karanta. Ba ta iya harshenmu ba, tauna kalmomin take tana tofarwa. Innarki ta saurara kaɗan ta ce, "A kashe. Ba na son wani ƙato yana mini magana a ɗaki." Cokalin ma ta gaji da shi, tun da ita ce mai tambaya kullum, ni sai e da a'a. Da can surutunta har ya ishe ni, kin san ma akwai maɓallin "Ya isa haka" da kika ƙi ɗauka sai da na matsa. Yanzu sai ta yi awa biyu ba ta ce uffan ba. Jiya muna zaune, tsakanina da ita bai fi taku uku ba, sai ta ɗaga kai ta ce, "Malam, kana ɗakin kuwa?" Na buga sau ɗaya. Ta ce, "To." 

Ina jiran ambulan.

Kawunki

Juma'a

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ban san yadda zan fara ba, na yaga takarda biyu kafin wannan.

Kafin komai, da zarar ka karanta wannan layin ka tashi ka kashe kwamfutar, ka zare ta daga wuta. Kada ka ƙara buɗe ko shafi ɗaya. Abin da aka share ba ya ɓacewa nan take, yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma duk labarin da ka buɗe rubutu ne a kansa. Ka kai wa Yanzu-yanzu, ya cire faifan ajiyar ya jona a tasa, ya nemo duk fayilolin sauti da zai iya.

Kawu, babu kwafi.

Jan filashin yana nan a jakata, amma muryarka ba ta ciki. Shekara biyu da rabi da suka wuce, ranar da zan je ganawar neman wannan aikin, aka ce a kawo takardu da zane-zane a filashi, nawa ya cika. Na goge shi, na ce in na zo gida zan sake kwafa, ai minti biyar ne. Na zo sau huɗu tun daga nan. Kowane zuwa sai in tuna a mota ina komawa.

Da na karanta takardarka ta farko, inda ka ce hankalinka a kwance yake, sai kunya ta rufe ni. Na ce in ka koma tsohon tsarin komai zai dawo, in zo in kwafa a ɓoye, ba wanda zai taɓa sani. Shi ya sa na ce mu bar maganar tukuna. Na ja layi uku a ƙarƙashin Talata, amma abin da zai sa ka ɗauki Talatar da muhimmanci na ɓoye shi. Ba ka yi kuskuren karatu ba, ni na rubuta don ka fahimci haka.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo. Babu kalmar sirri. Ban taɓa sa mata ba, saboda kada ka wahala. Gargaɗin nan kowa take nuna wa. Da ka danna gaba da ta wuce, kuma da na tsaya na yi tunani minti ɗaya da na rubuta maka haka.

A gidanka na ci na sha shekara huɗu, ba ka taɓa nuna mini ni 'yar 'yar'uwa ce ta nesa ba. Abu ɗaya ka ba ni ajiya. Ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Ina jin tsoro ƙwarai, Kawu, ina kuma jin kunya. Ka rubuto ko zagi ne.

'Yarka

Juma'a

Kawu,

Ina gaishe ku. Yau mota ta zo karo na biyu babu takardarka. Makon jiya na ce ko ba ka samu direba ba ne. Yau na tsare shi, ya ce hannu da hannu ya ba ka tawa, ka karanta a tsaye a ƙofar shago, ka shiga ciki, bai ƙara ganinka ba. Ya ce jiya ya ƙwanƙwasa, ka leƙo ka girgiza masa kai.

Na nemi izinin tafiya, shugabanmu ya ce sai wanda zai canje ni ya iso, ƙarshen wata. Na hau dutsen nan sau uku ina kiran wayar Inna, ba ta shiga.

Ban cancanci amsa ba, na sani. Amma ka gaya mini ko Inna lafiya, ko an samo wani abu a faifan. Ko layi ɗaya ne. Ko ka ba direba takarda ba rubutu, in san ka karɓi wannan.

'Yarka

Laraba

'Yata,

Muna lafiya, ni da Innarki. Wayarta caji ne babu, ni kuma ban kula ba. Wannan shi ne layi ɗayan da kika nema, sauran kuma ki karanta a zaune.

Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin da ban taɓa ji ba tun ranar da na farka a asibiti na buɗe baki iska ta fito. Na rubuta miki takardu biyu, Allah ya taimake ki ban ba direba ba. Amma kwamfutar na kashe ta a lokacin, kamar yadda kika ce.

Yanzu-yanzu kwana tara ya yi, sunan nasa dai na banza ne. Ya yi ƙoƙari, ban raina ba. Cikin sittin da huɗun babu ko ɗaya da ta dawo cikakkiya. Wasu ƙara ce kawai kamar rediyon da ya rasa tasha, wasu rabin kalma. Ya ce kwanakin da na yi ina karanta labarai su suka taka su. Kin ga ashe ba ke kaɗai ba ce, ni ma da hannuna a ciki tun daga Asabar ɗin farko.

Abu ɗaya ya samo lafiyayye, a wani lungu daban. Ashe ranar ɗaukar, da muka tashi cin abinci, kin bar makirufo a kunne. Minti goma sha ɗaya. Babu komai a ciki sai faɗa. Innarki tana haɗa mini jakar asibiti, ni kuma ina neman gilashin nan nawa na ido ɗaya da nake duba cikin agogo, na dage sai na tafi da shi. Ina ce mata ita ta ɓatar, kullum sai ta taɓa mini kaya, shekara talatin da takwas ba ta koyi barin abu inda ta gan shi ba. Tana cewa, "Malam, wallahi ban gan shi ba." Ina cewa, "To aljanu ne suka ɗauka?" Ke kuma ana jin ki daga nesa kina dariya da cokali a baki.

Da na kunna mata, sai ta miƙe zaune. Ta ce a sake. Yanzu kullum bayan shayi sai an kunna, ta haddace shi, tana ba da amsarta tare da ta cikin lasifikar. Wani lokaci ta yi dariya ta ce, "Kai, Malam, ashe haka kake da faɗa." Wani lokaci kuma ta juya fuska bango, in ga mayafin yana motsi.

Ni kuwa kowace safiya kamar ana mini bulala. Gilashin nan a aljihun rigata yake. Na same shi a asibiti ana shirin shiga da ni, na ce in na fito zan gaya mata. Na fito babu bakin faɗa, daga baya kuma na ga abin ya wuce. Yanzu muryata da ta rage a duniya ke nan, kuma a cikinta ina zargin matata da abin da ba ta yi ba.

Na zauna na jera sittin da huɗun nan a kaina. Kawo ruwa, rufe ƙofa, waye, nawa ne, ina zuwa, bari. Ni na zaɓe su da kaina, kwana biyu ina tunani. Babu "yi haƙuri" a ciki, babu "na gode miki". Da kin kawo filashin cike ma, da ba su cikinsa. Da na gane haka sai haushinki ya sauka, don wanda ya riƙe magana shekara uku ba shi da bakin yi wa mai shekara biyu da rabi faɗa. Na yafe miki. Ke kina da idon karantawa, taki ta zo da sauƙi.

Ta Innarki ce ta rage. Na rubuta mata shafi uku na ban haƙuri. Maƙwabci ya iya karatu, Yanzu-yanzu ma haka, amma ba zan tsayar da wani ƙato a ɗakinta ya karanta mata wannan ba. Ke kika ɓatar da muryar, ke za ki ara mini taki. Ƙarshen wata in wanda zai canje ki ya iso, kada ki biya ko'ina, ki zo nan kai tsaye. Za ki zauna kusa da ita ki karanta a hankali, ni ina riƙe da hannunta don ta san daga wa maganar take. Kada ki gyara mini ko kalma ɗaya. In kuma kin zo wurin gilashin, kada ki yi dariya.

Kawunki